Lasisin mai tantance asarar inshora a Amurka: daga jihar da kake zaune zuwa jihohin da za ka je aiki

A ƙarshen watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta yi kwana da kwanaki tana zuba ruwa a kan birnin Hustan na jihar Teksas. Da ruwa ya janye, kamfanonin inshora suka shiga neman mutanen da za su bi gida gida, su hau rufi, su auna ɓarna, su rubuta abin da ya kamata a biya mai gida. Waɗannan su ne masu tantance asara, waɗanda a can ake ce wa ajasta. Aiki ne da ba ya neman digiri, kuma wanda ya iya hulɗa da jama'a, ya iya lissafi, bai tsoron tsani, yana iya cin abinci da shi. Abin da ke tsayar da mutane tun daga bakin ƙofa shi ne lasisi, domin a Amurka babu lasisi guda da ke aiki ko'ina.

Wanda ya saba da tsarin Najeriya, inda hukumar inshora ta ƙasa, NAICOM, kaɗai ke yi wa masu wannan sana'a rajista daga Sakkwato har Kalaba, sai ya ajiye wannan tunani a gefe. Tun da aka yi dokar McCarran-Ferguson a 1945, majalisar dokokin Amurka ta bar wa jihohi ikon kula da harkar inshora. Kowace jiha da hukumarta, da jarrabawarta, da kuɗinta. Akwai ƙungiyar kwamishinonin inshora na jihohi, NAIC, wadda aka kafa a 1871, tana tsara samfurin doka, amma ba ta da ikon tilasta wa kowa. Jihar da ta ga dama ta ɗauka, wadda ba ta ga dama ba ta yi nata.

Duk wannan jagora a kan ginshiƙi ɗaya ta tsaya: lasisin jihar gida. Idan ya yi daidai, sauran lasisin cike fom ne da biyan kuɗi. Idan ya karkace, duk abin da aka ɗora a kansa ya karkace.

Mataki na farko: wa za ka yi wa aiki?

Iri uku ne, kuma doka ba ta kallonsu da ido ɗaya. Akwai ma'aikacin kamfanin inshora mai cin albashi. Akwai mai zaman kansa, wanda kamfanin inshora ke ɗauka haya idan aiki ya yi masa yawa, galibi ta hannun kamfanonin da ke tara irin waɗannan ma'aikata, kamar Crawford & Company na birnin Atlanta a jihar Jojiya, da Sedgwick, da Pilot Catastrophe Services na Mobile a jihar Alabama. Su biyun nan duk ɓangaren kamfanin inshora suke wakilta. Na uku shi ne wanda mai gida ke ɗauka ya tsaya masa a gaban kamfani, ana biyansa da wani kaso na diyyar da aka samu.

Na ukun nan shi doka ta fi sa wa ido, tunda hannunsa na kusa da kuɗin wanda bala'i ya afka wa. A Fulorida sai ya ajiye takardar lamuni ta dala 50,000, kuma ladansa ba zai wuce kashi 20 cikin ɗari ba, ya sauko kashi 10 idan asarar ta faru ne a bala'in da gwamna ya ayyana dokar ta-ɓaci a kansa, a cikin shekarar farko. A Teksas lamunin dala 10,000 ne, ladan kashi 10. Niyu Yok ta tsayar da nata a kashi 12.5. Wannan hanya ce daban. Abin da zai biyo baya ya fi shafar mai zaman kansa, domin ta nan sabon shiga ya fi shigowa.

Mataki na biyu: gano jihar gidanka

Nan ne wurin da ya kamata a zauna a yi natsuwa.

Jihar gida a idon hukumomin inshora ita ce inda ainihin mazauninka yake, ko inda babban wurin sana'arka yake, kuma kake riƙe da lasisin mazauni. A aikace, ita ce adireshin da ke kan lasisin tuƙinka da takardun harajinka. Ba jihar da ka fi so ba ce, ba kuma wadda jarrabawarta ta fi sauƙi ba.

Jihohi talatin da 'yan kai suna ba mai zaman kansa lasisi. Cikinsu akwai Teksas, Fulorida, Jojiya, Niyu Yok, Kalifoniya, Indiyana, Minesota, Oklahoma da Luwiziyana. Idan kana zaune a ɗaya daga cikin irin waɗannan, magana ta ƙare: lasisin jiharka za ka fara nema. Mazaunin Atlanta da ya je ya yi kwas ɗin Teksas don ya ji ana yabonsa, ya tsallake na Jojiya, zai tarar cewa jihohin da zai nema daga baya tambayar farko da za su yi ita ce ina lasisin jihar da yake zaune.

Sauran jihohin ba su da lasisin mai zaman kansa kwata-kwata. Ohayo, Ilinoi, Merilan, Bajiniya, Niyu Jasi, Fensilbeniya, Kolorado da babban birnin tarayya Washinton duk a wannan rukuni suke. Mazaunin Kolumbus ta Ohayo ko Shikago ta Ilinoi yana iya tantance asara a jiharsa ba tare da wata takarda ba. Amma ranar da ƙanƙara ta yi ɓarna a Oklahoma aka ce a tafi, ba shi da abin nunawa. Don irin waɗannan mutane aka fito da tsarin zaɓaɓɓiyar jihar gida, wanda a fom za ka gan shi da haruffan DHS. Ma'anarsa, ka zaɓi wata jiha mai ba da lasisi ta zame maka uwar riƙo. Za ka cika duk sharuɗɗan da ɗan jihar ke cikawa, jarrabawa da hoton yatsu da karatun sabuntawa, ita kuma ta ba ka lasisin da sauran jihohi za su ɗauka tamkar na gida. Teksas, Fulorida da Indiyana su aka fi zaɓa. A Fulorida lambar wannan lasisi 70-20 ce, na ɗan jiha 6-20, na baƙon da ke da lasisi a jiharsa kuwa 7-20. Lambobin sun yi kama, kuma wanda ya cike fom ɗin da ba nasa ba kuɗinsa ba sa dawowa.

Jerin jihohin nan ba a kan dutse aka rubuta shi ba. Majalisar jiha tana iya yin doka bana ta koma ba da lasisi. Kafin ka biya kuɗin kowane kwas, shiga shafin hukumar inshorar jiharka ka gani da idonka.

Mataki na uku: sharuɗɗan da ke kanka

Shekara 18, lambar tsaron zamantakewa ta Amurka, da izinin aiki a ƙasar. Fulorida ta faɗa a fili cewa sai ɗan ƙasa ko baƙon da ke da izinin aiki daga hukumar shige da fice. Jojiya tana neman takardar rantsuwa a kan matsayin zamanka a ƙasar.

Sai tambayoyin tarihin rayuwa da ke cikin fom. Za a tambaye ka ko an taɓa samun ka da laifi, ko wata hukuma ta taɓa hukunta ka a kan wani lasisin sana'a, ko ana bin ka bashin haraji, ko kana da bashin kuɗin ciyar da 'ya'ya da kotu ta ɗora maka. Ka faɗi gaskiya ko da abin ya daɗe. Hoton yatsunka zai je hukumar FBI, kuma abin da ka ɓoye zai fito. Ƙaramin laifin da aka bayyana sau da yawa ana wuce shi bayan an karanta bayani da takardun kotu. Ɓoyewar ita kanta dalili ce ta hana lasisi, kuma hanawar tana shiga kundin da duk jihohi ke gani. Akwai kuma dokar tarayya ta 1994, sashe na 1033, wadda ta haramta wa duk wanda aka samu da babban laifin zamba ko cin amana shiga harkar inshora sai da rubutaccen izinin kwamishinan inshora. Mai irin wannan tarihi izinin zai fara nema kafin komai.

Mataki na huɗu: karatu da jarrabawa

Hanya biyu ce, gwargwadon jiha. Ko dai ka yi karatu da kanka ka je cibiyar jarrabawa, wadda kamfanoni irin su Pearson VUE da PSI ke gudanarwa a madadin jihohi, ko ka yi kwas ɗin da jiha ta amince da shi wanda jarrabawarsa ke tsayawa a madadin ta jiha. Teksas tana da na awa 40, ana iya yin sa ta intanet, a ƙarshe a zauna jarrabawa, a nemi maki 70 cikin ɗari. Fulorida ma tana yafe jarrabawarta ga wanda ya samu ɗaya daga cikin shaidun ƙwarewa da dokarta ta lissafa. Niyu Yok kuwa sai ka zauna tata, kuma ta yi suna wajen tsauri.

Idan jiharka ta ba da zaɓi tsakanin lasisin fanni ɗaya da na dukkan fannoni, ɗauki na dukkan fannoni. Ya haɗa gidaje, motoci, alhakin ɓarnar da mutum ya yi wa wani, da diyyar ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dalilin shi ne jihohin waje suna ba ka daidai abin da kake da shi a gida ne, ba sa ƙara maka.

Me ake tambaya? Yawanci fahimtar takardar yarjejeniyar inshora ne: abin da ta ɗauka, abin da ta cire, da yadda ake lissafi. Ga irin lissafin da ba ya rasa fitowa. Rufin gida ya lalace, sabonsa dala 20,000 ne, an ƙiyasta zai yi shekara 20, ya riga ya yi 10. Idan yarjejeniyar ta darajar kaya a ranar asara ce, za a cire rabi saboda tsufa, saura 10,000. A cire kason da mai gida ya amince zai ɗauka da kansa, a ce 2,000, a ba shi 8,000. Idan kuwa ta maye gurbi da sabo ce, za a fara ba shi 8,000 ɗin, ragowar 10,000 ta biyo baya idan ya gyara ya kawo rasit. Wani abin da ake yawan gwada ɗalibi da shi: inshorar gida ta yau da kullum ba ta ɗaukar ambaliya. Ruwan da ya shigo ta rufin da iska ta yaye daban, wanda ya taso daga ƙasa daban.

Sai dokokin jihar kanta, kuma a nan ne masu ganin sun iya suke faɗuwa, don haddar kwanaki ce. A Teksas kamfani yana da kwana 15 ya amsa cewa ya karɓi neman diyya, kwanakin aiki 15 bayan ya samu duk takardu ya ce ya yarda ko bai yarda ba, da kwanakin aiki 5 ya biya bayan ya ce ya yarda. Wata jihar nata kwanakin daban ne.

Mataki na biyar: yatsu da fom

Wannan ba wuya, sai dai a bi shi a jere. Teksas tana ɗaukar hoton yatsu ta hannun IdentoGO, ana cike fom ta shafin Sircon, kuɗin nema dala 50. Fulorida tana da nata shafin na ma'aikatar kuɗi ta jiha. Kada ka bar takardar shaidar kwas ta kwana a aljihu: ta Teksas shekara ɗaya take aiki. Sunan da ke kan fom ya zama harafi da harafi irin na katin shaidarka. Mu da ake rubuta mana Muhammad a nan, Mohammed a can, Abdullahi ya koma Abdullah a wata takardar, wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fayil makonni.

Idan lasisi ya fito za a ba ka lambar NPN, wato lambar shaidarka ta ƙasa a harkar inshora, wadda za ta bi ka duk jihar da ka nema har ƙarshen aikinka. A Fulorida akwai ƙarin abu guda: lasisi shi kaɗai bai isa ba sai da naɗi, wato kamfani ya yi maka rajista a matsayin mai yi masa aiki, ko ka naɗa kanka ka biya kuɗin. Lasisin da ya yi wata 48 babu naɗi ya mutu.

Mataki na shida: jihohin waje

Tsarin nan ba ni gishiri in ba ka manda ne. Jiha tana ba baƙo lasisi ba tare da jarrabawa ba idan yana da lasisi mai kyau a gida, kuma jiharsa tana yi wa 'yan tata jihar haka. Ana nema ta shafin NIPR, rumbun bayanan da NAIC ta kafa a 1996. Ka sa lambarka, ka zaɓi jihohi, ka amsa tambayoyin nan na tarihi, ka biya kuɗin kowace jiha da ɗan ladan shafin. Wasu su fito cikin kwana biyu, wasu su ɗauki makonni.

Mutane suna yawan fahimtar wannan a karkace. Ba wai lasisin Teksas yana ba ka damar aiki a Luwiziyana ba ne. Yana ba ka damar samun lasisin Luwiziyana ba tare da jarrabawa ba. Sai ka nema, ka biya, ya fito, sannan ka taɓa fayil ɗin neman diyya.

Jihohi uku sun fita daga wannan musaya: Niyu Yok, Kalifoniya da Hawayi. Duk lasisin da ka zo da shi sai ka zauna jarrabawarsu. Kalifoniya ta ƙara da neman shekara biyu ta gogewa a aikin. Da yake musaya ce, abin yana juyowa kan 'yan waɗannan jihohi: mazaunin unguwar Buronks ta birnin Niyu Yok mai lasisin jihar zai tarar wasu jihohin suna neman ya yi tasu jarrabawar ko kwas, tunda jiharsa ba ta ɗaga wa kowa ƙafa. A wani gefen kuma wahalar ta zama riba, domin masu lasisin Niyu Yok ba su da yawa kuma kamfanoni suna nemansu.

Nawa za ka saya? Wasu za su ce ka tara ashirin tun ranar farko. Ni ban ga hikimar haka ga wanda bai taɓa rufe fayil ko ɗaya ba, don kowane lasisi kuɗi ne yau, kuɗi ne kuma bayan shekara ɗaya ko biyu. Bi sawun yanayi. Lokacin guguwar tekun Atlantika yana farawa 1 ga Yuni ya ƙare 30 ga Nuwamba, kuma jihohin gaɓa ne ke shan ta: Teksas, Luwiziyana, Misisipi, Alabama, Fulorida, Jojiya da Karolaina biyu. Ƙanƙara da guguwa mai juyi sun fi sauka a watannin Maris zuwa Yuni, daga Teksas da Oklahoma zuwa sama. Ka fara da waɗannan, ka tambayi kamfanonin da ka yi rajista da su waɗanne suka fi buƙata. Kuma a nema tun sama na garau. Da guguwar Ian ta afka wa Fulorida a Satumban 2022, wanda aka fara kira shi ne wanda takardarsa ke hannu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Lasisin gaggawa

Idan bala'i ya fi ƙarfin masu lasisin da ke ƙasa, jihohi suna buɗe ƙofar wucin gadi. A Teksas lasisin gaggawa na kwana 90 ne, ana iya ƙara wasu 90, kuma sai kamfanin inshora ko wani mai lasisi ya tsaya maka ya ɗauki alhakin aikinka. Ta nan mutane da yawa suka fara. Amma ya ƙare da ƙarewar bala'in, kuma babu jihar da za ta ɗauke shi a matsayin lasisin gida.

Abin da lasisi bai ba ka ba

Lasisi izini ne, ba aiki ba. Kamfanoni za su tambaye ka ko ka iya Xactimate, manhajar da aka fi amfani da ita wajen zana ɗaki da ƙiyasta kuɗin gyara. Manyan kamfanonin inshora irin su State Farm suna da tasu jarrabawar ta cikin gida kafin ka taɓa fayilinsu. Ambaliya kuwa duniya ce daban: shirin inshorar ambaliya na tarayya, wanda aka kafa a 1968 kuma hukumar agajin gaggawa ta tarayya, FEMA, ke kula da shi, yana ba da tasa lambar izini, yana neman shekara huɗu a jere na cikakken aikin tantance asarar dukiya, da halartar bitarsa duk shekara. Sabon shiga sai dai ya bi ta hanyar koyon aiki a ƙarƙashin wani.

Mataki na bakwai: riƙe abin da ka samu

Yawancin jihohi suna neman awa 24 na karatun ƙaro sani duk shekara biyu, da wasu awoyi a kan ɗa'ar sana'a. Sauƙin da ke ciki shi ne idan ka cika na jihar gida, galibin jihohin waje sun gamsu. Teksas tana cin tarar dala 50 a kan kowace awa da ka gaza. Ranakun sabuntawa kuwa kowa da tasa: ta Teksas tana bin watan haihuwarka, wasu jihohin rana ɗaya suka tsayar wa kowa. Mai lasisi goma sha biyar da bai rubuta ranakun a wuri ɗaya ba zai wayi gari a tsakiyar aiki ya tarar ɗaya ya mutu.

Wanda ba a wasa da shi shi ne na gida. Idan ya mutu, na jihohin waje sun rasa abin da suka jingina da shi, kuma jihohin suna gani a rumbun NIPR. Haka nan idan wata jiha ta ci ka tara ko ta yi maka wani hukunci, sai ka sanar da duk sauran, yawanci cikin kwana 30. Rashin sanarwar laifi ne sabo a kowace jiha, ta haka ƙaramar tara ɗaya take haifar da biyar.

Ƙaura ma tana cikin abin da ake sanarwa cikin kwana 30. Idan cikin jiha ɗaya ce, canjin adireshi ne kawai. Idan ka tsallaka iyaka, lissafi ya canja. Wanda ya bar Kolumbus da lasisin uwar riƙo na Teksas ya koma Atlanta ya zama ɗan jiha mai ba da lasisi, don haka na riƙon ya daina zama na gida. Zai nemi lasisin mazaunin Jojiya, ya mayar da na Teksas na baƙo, sannan ya bi sauran jihohin ɗaya bayan ɗaya ya canja jihar gidansa a fayilinsu. Jihohi da yawa suna yafe wa mai ƙaura jarrabawa idan ya nema cikin kwana 90 kuma tsohon lasisinsa ba shi da tabo. Wanda ya bar kwanakin suka wuce yana jiran ya gama shirya ɗaki, zai koma teburin jarrabawa daga farko.